Yadda Na Ɗauko Kawu Nomau daga Kumasi da Katin Dala

Tun da na dawo ban huta ba. A makaranta malamai su tambaye ni, ranar Lahadi a tare ni a ƙofar coci, ranar kasuwar Tsanyawa kuwa ko barkono ban isa in taya ba sai wani ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Ishaya na Gana, yaya can?" In ce lafiya lau. Garba mai gyaran babur ya ce mini lafiya lau ba labari ba ne, mutum bai ƙetare boda uku don ya dawo da kalma biyu ba. To ga shi na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in sha iska. Sai dai ku sani tun yanzu, rabin abin da ya same ni a tafiyar nan ban gane shi ba sa'ad da yake faruwa, wani kuma har yau ina juya shi a kaina.

Ba yawon buɗe ido na je ba. Innarmu tana da ƙane, Nomau, wanda ya bi motar goro ya tafi kudu tun ba a haife ni ba. Sama da shekara arba'in ba wanda ya sa shi a ido. Bara, muna cikin tsinkar gyaɗa, wani mutum ya kira ni daga Kumasi, ya ce ta hannun 'yan goro na Kano ya samo lambata. Ya ce Kawu yana asibiti da ciwon ƙirji, ya fara samun sauƙi, amma matarsa ta rasu, ba shi da ɗa, kuma kullum maganarsa a mai da shi gida. Da na gaya wa Inna sai ta ajiye ƙwaryar hannunta. Sannan ta ce, "Ku kawo mini shi ina da rai."

Muka sayar da buhun gyaɗa goma sha ɗaya, Inna ta sa aka kai ɗan maraƙinta kasuwar Ɗanbatta. Ƙanwata Saratu, wadda take aikin jinya a Bacirawa, ta ƙara abin da take da shi. Ita ce mai kai a gidanmu, ni dai malamin firamare ne. Ta lissafa kuɗin asibiti, kuɗin mota zuwa da dawowa, magani, da na ɗaukar kayan Kawu, ta ce zai isa, amma ba rarar da za a yi wasa da ita.

"Yaya, ba za ka ɗaura wannan kuɗin a ƙugu ka bi ta Legas ba," in ji ta. Ta kai ni banki aka buɗe mini asusun dala, aka canza kuɗin aka zuba, aka miƙo mini kati. Na juya shi gaba da baya. Gyaɗar shekara guda da maraƙin Inna, duk a cikin ɗan abin da bai kai tafin hannuna ba.

"To in na je can yaya zan yi?"

"Kamar yadda kake yi wajen mai POS. Ka sa kati, ka sa lambarka. Ka dai tuna na dala ne, kada ka ce naira."

Na riƙe wannan maganar da hannu biyu. Ita ma iyakar abin da ta sani ke nan, ba ta taɓa wuce Kaduna ba.

Daga Gidan Ɗanlami, ƙauyenmu, na hau babur zuwa Tsanyawa, na shiga ƙaramar bas zuwa Kano, daga nan doguwar motar Legas. Maƙwabciyar kujerata wata Hajiya Rabi ce, mai fataucin atamfa, wadda ta san hanyar nan kamar tsakar gidanta. Kafin mu kai Zariya ta san sunan Inna, ta san yawan buhunan da muka sayar, ta kuma ba ni dafaffen ƙwai biyu. Ta tambaye ni a ina na ɓoye kuɗina, na ce a kati. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ni dai ɗana, abin da ban iya lissafa shi da yatsa ba, ba na yarda da shi."

Na yi dariya a zuciyata, na ce tsohuwa ba ta san zamani ba.

Legas ba zan ce muku komai a kanta ba, don ban gan ta ba. Bayan Hajiya Rabi kawai na gani, ina bin sa da jakata a ƙirji har muka shiga motar boda. A bodar aka duba fasfo da katin rigakafi, aka buga hatimi, aka sake dubawa a wani tebur, aka sake bugawa. Wani ya tambaye ni sana'ata, na ce malami, ya ce me malami zai je yi Gana ana tsakiyar zangon karatu. Na fara ba shi labarin Kawu tun daga motar goro, bai bari na kai rabi ba ya miƙo mini fasfona.

A Kwatano, bayan mun ƙetare bodar farko, muka rabu da Hajiya, ita nan za ta sayi kayanta. Ta nuna mini masauki mai araha kusa da tasha, ta ce in kwana in kama motar safe. Garin ya ruɗa ni. Masu babur duk rigarsu ruwan ɗorawa, kamar 'yan makaranta ɗaya. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa ya kusa yanka mini dasashi, cikinsa kuwa iska. Na ce wa mai shayi ina son shayi, ya kawo mini kofi a kwano, kwano sosai irin na miya. Na waiga in ga ko wasa yake mini, sai na ga kowa da kwanonsa.

A nan na fara cirar kuɗi, kuma a nan ya kamata in gaya muku tarbiyyar gidanmu. Babanmu, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa buɗe rumbu ya ɗebi na kwana biyu ba. Kowace safiya zai auno na ranar ya ba Inna, ya rufe. Yakan ce hatsin da ya sauko ƙasa ya riga ya ƙare, ko kaza ta ci ko baƙo ya gani. Haka muka tashi, haka nake yi da albashina, in je wajen mai POS in ciri na cefane in dawo. Don haka da na tsaya gaban ATM a Kwatano, kuɗin masauki da na abinci kawai na cira. Da yamma na ga ban da na babur, na koma na ciri kaɗan. Da safe na sake komawa don kuɗin mota. Ina jin daɗin kaina, ina cewa da Baba yana nan da ya sa mini albarka.

Kowane zuwa, kafin kuɗin su fito, sai na'urar ta tsaya ta yi mini tambaya. Rubutu ne da yawa, Faransanci a sama, Turanci a ƙasa, da akwati biyu, ɗaya da sunan kuɗinsu, ɗaya da alamar dala. Ga layi a bayana, wani yana tsaki. Na tuna maganar Saratu, katina na dala ne. Na danna dala. Har na ji na'urar ta burge ni, na ce dubi yadda ta gane baƙo, ta kawo mini kuɗin da na sani.

A bodar Togo na tafka wata wauta. Na ga saura 'yan sefa a aljihuna, na ce tunda za a shiga wata ƙasa, waɗannan sun zama takarda. Ga masu canji zaune a kan benci da damin kuɗi. Na miƙa wa ɗaya na ce ya mai da mini naira, ko banza na kashe a hanyar dawowa. Ya dube ni, ya ce da Hausa, "Duka?" Na ce duka. Muna shiga Lome na tambayi direba wane irin kuɗi ake kashewa a nan, ya ce sefa. Na ce wace sefar? Ya ce sefa dai. Har yanzu ban gane yadda ƙasa biyu, kowace da tutarta da bodarta, za su ci kuɗi ɗaya ba. Dole na nemi wata ATM, don yunwa ta kama ni.

A Lome ne na fara duba 'yar takardar da na'urar take tofowa. Abin da ya rage a kati bai yi daidai da abin da ke kaina ba. Ba da yawa ba, amma ya ragu fiye da abin da na ci. Na ce ƙila lissafina ne, sefa tana da sifiri da yawa. Na ninke takardar na saka a aljihun gaba.

Gana kuma sai sidi. Daga boda zuwa Akara, daga Akara zuwa Kumasi, ina cira kaɗan-kaɗan, ina danna dala, kuɗi yana zubewa ta inda ban gani ba. Na zargi kowa. Na zargi yarinyar masaukin Akara da ta karɓi katina ta saka a na'urarta, har na tsaya a kanta ina leƙen yatsunta, ta ce mini wani abu da yarensu wanda na tabbata ba addu'a ba ce. Na zargi 'yan damfarar da ake cewa suna shafa jikinka su kwashe kuɗin kati, na naɗe shi a leda na saka cikin safa. Na zargi bankinmu na Kano. Layina ba ya aiki a can, ba saƙon banki da ke shigowa. Sau biyu na samu hanyar kiran Saratu, sau biyu na ce mata komai lafiya. Wa zai ce wa ƙanwarsa kuɗi yana ɓacewa a hannunsa bai san yadda aka yi ba?

Ranar Asabar na shiga Kumasi, na tarar da gari ya cika da masu baƙaƙen kaya da ja, ga kiɗa, ga rumfuna, ga hoton wani tsoho ƙato a bakin titi. Na ce wa na kusa da ni wane ne ya ci zaɓe. Ya ce jana'iza ce, mutumin ya fi wata biyu da mutuwa, yau ake binne shi. Mu da ko a coci ba ma kai kwana biyu! Na yi ta kallon mata suna rawa suna kuka lokaci guda, ban san ko in yi musu gaisuwa ko in taya su murna ba.

Na kama ɗaki na kwana biyu, na biya da kati, sannan na nemi zango, unguwar Hausawa. Nan na ji kamar an sauke mini kaya. Ga koko da ƙosai, ga tuwo, ga shinkafa da wake da suke dafawa da karan dafi ta yi ja, a zuba mata taliya da gari da ƙwai da baƙin yaji, duk a ganye ɗaya. Hausarsu tana da daɗi, sai dai mace ma "ya zo" suke ce mata, na yi ta waiwaye ina neman namijin.

Na ce ina neman Nomau mutumin Tsanyawa. Ba wanda ya san shi. Na yi awa biyu ina zagaye, mutumin da ya kira ni kuma wayarsa a kashe. Sai wani dattijo ya ce in kwatanta shi. Na ce ban taɓa ganinsa ba, amma an ce tela ne, yana da tsage irin nawa. Ya matso ya dubi kumatuna.

"Kai! Baba Musa Tela kake nema. Ka ce Baba Musa mana!"

Ashe Kawu ya musulunta tun da daɗewa. Wannan bai dame ni ba, rabin danginmu masallaci suke zuwa. Dattijon ya kai ni wajen Alhaji Sani, mai gidan da Kawu yake haya, kuma shi ne ya kira ni, wayarsa ce ta faɗa ruwa. Da ya ji na kama ɗaki a masauki sai ransa ya ɓaci.

"Baƙo daga Kano ya biya kuɗin kwana a garin nan muna raye? Ka je ka kwaso kayanka."

Na je na kwaso. Kuɗin kwana biyun dai ba su dawo ba.

Da na shiga ɗakin asibitin ban tambayi kowa gadonsa ba. Kai ka ce Inna ce kwance da farin gemu. Goshin, hancin, har yadda take karkata kai in tana sauraro. Na durƙusa na gaishe shi. Ya kama hannuna ya ce, "Kai ne na Talatu?" Na ce ni ne. Ya tambayi mutane ɗaya bayan ɗaya, ina cewa ya rasu, ta rasu, ya rasu, har na ji kunyar bakina. Daga ƙarshe ya ce, "Ita dai tana nan?" Na ce tana nan, tana jiranka.

Washegari Alhaji Sani ya buɗe mini ɗakin Kawu. Tabarma, akwatin ƙarfe, buta, sai keken ɗinki a bakin taga, baƙi, irin na ƙafa, an lulluɓe shi da zane. Zanen gwal ɗin jikinsa ya goge saboda hannu. Alhaji ya ce shekara uku Kawu ya yi yana dakon goro kafin ya saye shi. Da na koma asibiti maganar keken Kawu ya fara yi mini.

"Ka ga keken? Da shi za mu tafi. Akwai teloli a Tsanyawa?"

"Akwai, Kawu."

"To za su matsa mini. Ba zan je in zauna wa 'yar'uwata ina jiran tuwo ba. Na tafi ba komai a hannuna, ba zan koma haka ba."

Na ce kada ya damu, Saratu ta ware kuɗin kaya.

Ranar sallama na je tagar biyan kuɗi. Wannan shi ne babban kuɗin, fiye da rabin abin da muka tara. Mai karɓa ya juyo mini da na'urar, ga akwati biyun nan. Ya tambaye ni da Turanci, sidi ko dala? Na ce dala, har da ɗaga murya, don ya san ba baƙauye ya samu ba. Ya ɗaga kafaɗa. Na sa lamba, takarda ta fito.

Sai na tsallaka titi sayen magani. Mai kemis ɗin wata mata ce mai tabarau, 'yar zango, sunanta Memuna. Ta haɗa maganin wata uku, ta miƙo na'ura. Na kai yatsa zan danna, sai ta janye ta.

"Tsaya. Me za ka danna?"

"Dala."

"Don me?"

"Katina na dala ne."

"Wa ya ce maka don katinka na dala ne sai ka danna dala?"

Na ji haushi. Na ce mata ni malamin makaranta ne. Ta ce to madalla, malam ya karanta mata ƙananan rubutun da ke ƙasan akwatin. Na karɓi na'urar na kawo ta kusa da ido. Ga shi nan a rubuce, farashin da za a canza mini, da ƙarin kaso da aka ɗora a kai, da cewa ni na zaɓa da kaina. Ni da nake dukan tebur kullum ina ce wa yara su karanta tambaya har ƙarshe.

"Ka ga," in ji ta, "kayana da sidi nake sayarwa, dole a canza kuɗinka. Tambayar ita ce wa zai canza. In ka danna sidi, bankinka ne zai canza, a farashin da ya fi kusa da na gaskiya. In ka danna dala, masu na'urar ne za su canza a nasu farashin. Kamar ka je wajen ɗan canji ka ce ya yanka maka yadda ya ga dama."

"To me ya sa take tambayata kamar alheri za ta yi mini?"

"Ai ba ta yi maka ƙarya ba. Ta rubuta."

"Amma dala nake da ita, dala na biya. Me aka canza?"

Ta sake bayani. Na ce na gane, alhali ban gane ba. Ta sake na uku da kwalin magani biyu a kan tebur, wannan bankina, wannan masu na'ura. Sai a nan abin ya fara shiga. Ta ce duk ƙasar da na je, kuɗin ƙasar zan zaɓa, ko a kanti ko a ATM. Da ta ambaci ATM sai na zaro takardun aljihuna, na ce ko za ta duba mini waɗannan, don akwai ɓarawon da yake bi na tun daga Kwatano.

Ta baza su a kan tebur. Goma sha shida. Ta fara dariya.

"Malam, kullum sau biyu kake zuwa? Gaisuwa kake kai mata?"

Na gaya mata yadda Baba yake yi da rumbu. Ta daina dariya. Ta ce rumbun babana ba ya karɓar kuɗin buɗewa. Wannan kuwa duk sa'ad da na saka kati, mai na'ura zai ɗauki nasa, bankina ya ɗauki nasa, ko kuɗin burodi na cira ko kuɗin mota. Da na cira sau ɗaya a kowace ƙasa, sau uku kawai za a caje ni. Ta ɗauki biro ta tara, ta haɗa da na asibiti da na masaukai, ta juyo mini da takardar. Na mai da shi naira a kaina. Ya haura kuɗin buhun gyaɗa biyu.

Na zauna a kan bencinta ba tare da an ce in zauna ba. Kwana takwas ina neman ɓarawo, ina kwana da kati a safa.

Na biya maganin da sidi. Na koma tagar asibiti na roƙi mutumin ya warware, ya ce ya riga ya wuce, kuma ai ya tambaye ni. Gaskiyarsa ne, ya tambaye ni.

Daga nan na wuce tasha na tambayi kuɗin mutum biyu har Legas, da na keke, na ƙara da na Legas zuwa Kano. Na lissafa a tsaye, na lissafa a zaune. Ba kuɗin ɗaukar keken kaɗai ya tafi ba, kuɗin kujerunmu daga Legas ma ya yi giɓi. Na kira Saratu na gaya mata komai. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Yaya, wallahi ko sisi ba ni da shi sai ƙarshen wata." Ƙarshen wata saura kwana goma sha tara, ga makaranta ta ba ni mako biyu, ga Inna tana aiko tambaya kullum.

Na sami Kawu a ɗakinsa yana share keken da tsumma, Alhaji Sani yana zaune a bakin ƙofa. Na durƙusa na faɗa musu. Na yi ƙoƙarin bayyana maganar akwati biyu, na ga ba sa bi na, ni ma ina ruɗewa, sai na ce kawai na yi wauta kuɗi ya ragu. Alhaji ya ce wannan ba komai ba ne, ranar Juma'a zai yi magana a masallaci a haɗa mana.

"A'a," in ji Kawu. "Shekara arba'in ban miƙa hannu a garin nan ba. Ba ranar tafiyata za a yaɗa mini tabarma ba."

Na ce to a cire kan keken mu riƙe a cinya, a bar ƙafar. Ya ce kujerar da za mu zauna mu riƙe shi fa, da me za a biya? Ya ci gaba da sharewa har ya gama, ya ɗiga mai a inda ake ɗigawa, ya ce wa Alhaji a kira masa Yakubu, wani tela da ya koya wa aiki. Kafin la'asar Yakubu ya sayi keken, kuɗin ya cike mana giɓin, mutum biyu suka zo suka ɗauka. Kawu bai fito tsakar gida ba. Bai ce mini komai ba, ranar ko bayanta, kuma wannan ya fi mini ciwo fiye da zagi.

Kafin mu tashi na je ATM sau ɗaya, na kwashe abin da ya rage, na danna sidi. Na yi ta dafa aljihu, don ban saba riƙe kuɗin kwana huɗu a jikina ba. Hanyar dawowa ba ta da labari. Kawu ya yi ta barci a kafaɗata, in ya farka ya tambayi wace ƙasa ce wannan. Da muka wuce Zariya ya daina barci. Da muka bar Kano muka shiga gonaki, ya ga karan dawa a tsaye da rumbuna, sai ya manna goshinsa a gilashi.

Da hantsi muka isa. Inna tana ƙofar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta miƙe, tiren ya zube, ba ta ko duba ba. Ba ta rungume shi ba, ta dai kama kunnensa kamar yaro ta ce, "Nomau, aiken goro ne shekara arba'in?" Sai kuka, ita da shi da ni da matan maƙwabta da ba su ma san shi ba.

Bayan an ci abinci ta dubi akwatin ƙarfen ta ce, "An ce mini tela ne kai. Ina keken?"

Na buɗe baki, Kawu ya riga ni.

"Ya tsufa, Talatu, ya fi ni tsufa. Na bar wa wani yaro."

Bai dube ni ba. Ni kuma na yi shiru, kuma ina jin kunyar wannan shirun har yau.

Yanzu duk ranar kasuwa sai ya sa farar rigarsa ya hau babur zuwa Tsanyawa, ya zauna a rumfar teloli. Suna girmama shi, suna ba shi ya sa maɓalli ko ya warware ɗinki. In ɗayansu ya tashi cin abinci, sai ya ce, "Baba, ga keke," Kawu ya matsa da sauri ya hau, ya sauka in mai shi ya dawo. Sau ɗaya na gani, tun daga ranar ta bayan 'yan hatsi nake zagayawa.

Bana na ware gonar bakin fadama na shuka gyaɗa, ban gaya wa kowa ta mece ce ba. Na riga na je Kano na taya keke irin nasa, baƙi, na ƙafa. Gyaɗar ta fara fure. Tarin Kawu kuma ya dawo tun farkon damina, jiya ma bai iya zuwa kasuwa ba. Kullum in na je gonar sai in tsaya in ƙirga watannin da suka rage, in roƙi Allah ya kai shi kaka.